Motsa Jiki Cikin Ruwa Don Ciwon Gaɓoɓin Tsofaffi

Ka taɓa lura da yadda kakarka take dafa bango kafin ta miƙe tsaye? Wataƙila amosanin gaɓɓai ne yake damunta. A bakin kowane ƙashi da ke cikin gaɓa akwai guringuntsi mai santsi, wanda yake hana ƙasusuwa gugar juna. Idan shekaru suka ja, yakan zaizaye, sai gaɓar ta riƙa ciwo, ta kumbura, ta sandare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 kimanin mutum miliyan 528 ne suke da irin wannan ciwo, kuma gwiwa ce ta fi kamuwa.

Mai ciwon yakan ga gara ya zauna wuri ɗaya. Amma yawan zama yana raunana tsokar da ke riƙe da gwiwa, sai ciwon ya ƙaru, har zuwa kasuwa ya gagare shi. Motsi yake bukata, ga shi kuma taka ƙasa yana yi masa zafi.

A nan ne ruwa yake da amfani. Idan ka shiga ruwa ya kai maka ƙugu, yana ɗauke kusan rabin nauyinka. Idan ya kai wuya, kashi 10 cikin 100 kawai ƙafafunka za su ɗauka. Haka kuma, ruwa yana turje wa hannu da ƙafa, saboda haka tsoka tana ƙara ƙarfi. Ruwa mai ɗumi kuwa yana sassauta gaɓoɓi.

Ba sai kaka ta iya iyo ba. Tana iya tafiya a hankali a inda ruwa bai wuce ƙirjinta ba, ko ta riƙe gefen wurin ninkaya ta riƙa ɗaga gwiwa. Ta fara da minti 10, ta riƙa ƙarawa sannu a hankali.

Sai dai ka kula da abu uku. Na farko, ta nemi shawarar likita tukuna, musamman idan tana da ciwon zuciya ko hawan jini. Na biyu, kada ta shiga ruwa ita kaɗai. Na uku, ku guji rafi da kududdufi, domin a can ake ɗaukar tsargiya.

Ruwa ba ya mayar da guringuntsin da ya zaizaye, amma yana rage ciwo, ya taimaki kaka ta ci gaba da tafiya da ƙafarta.