Gargaɗi ga Masu Keken Kabon a Maiduguri

Jama'a, duk wanda kekensa na kabon ne kuma ya ga fentin sama mai sheƙi ya fara ɓarewa kamar bawon albasa, ya sauka, ya duba shi yau, kafin ya sake hawa.

Tun da aka hana acaɓa a 2011 keke ya samu gindin zama a garin nan, cire tallafin man fetur a 2023 kuma ya ƙara masa kasuwa. A cikin kekuna 'yan Beljiyam da ake saya akwai na tsere, marasa nauyi, waɗanda yaro ma ke ɗagawa da hannu guda. Wasunsu ba ƙarfe ba ne. Zaren kabon ne aka jera, aka daskarar da danƙo, sannan aka lulluɓe da fenti mai kare danƙon daga rana. Ranar Afrilu ta Maiduguri kuwa, mai haura digiri 40, ba ta raga wa kowa.

Ga inda hatsarin yake. Raleigh ko Phoenix na iyayenmu, in ya gaji lanƙwashewa yake yi, ka gani, ka kai wa mai walda. Kabon ba ya sallama. Ƙaras! yake karyewa, kana tsakiyar titin Baga, Keke Napep na bayanka.

Sau da yawa ɓarewar a fenti kawai ta tsaya, amma wani lokacin tsaga ce a ƙasa take tura shi. Wanke wurin da ruwa da sabulu, ka haska da tocila. Danna da babban yatsa: in ya lotsa, ko ka ji ƙas-ƙas, ajiye keken. Goga tsumma a kai; in yana kamawa, zare ya tashi. Sai ka ƙwanƙwasa a hankali da kwabo, ko da makulli tunda kwabo ya zama tarihi. Lafiyayyen wuri ƙara mai kaifi yake bayarwa, mai ciwo kuwa sai ka ji dum-dum kamar fasasshiyar ƙwarya. A fi matsa ido a wuyan keke, da ƙafafun da ke riƙe tayar gaba, da gindin sirdi, da mazaunin feda.

Wanda kekensa ya kwana cikin ambaliyar Alau ta Satumban 2024, a Gwange ko Fori ko wajen Kasuwar Monday, ya duba inda alminiyom ya haɗu da kabon. Ruwa na sa alminiyom ya ci a wurin, fenti ya yi ƙuraje, farin gari ya fito.

Kada a kai shi walda, wuta ƙone danƙon take yi. Kada a zuba masa maganin cire fenti, kada a kankare da reza. Sufa-gulu ma ɓoye tsaga kawai yake yi.

In an tabbatar fenti ne kaɗai, a jiƙa samfefa mai laushi, lamba 1000, a lallaɓa gefen ɓarewar. Da zarar ruwan ya koma baƙi a tsaya, an taɓa zare. Ƙaramin tabo jan farce marar launi ya ishe shi. Mai faɗi sai mai fentin mota, a kuma gaya masa ba ƙarfe ba ne, kada ya gasa. Kafin a yi gyaran, a rufe wurin da salatif, a ajiye keken a inuwar dogon yaro.