Me Ke Cikin Kumfar Tafasasshen Ruwa?

Idan aka ɗora tukunya a kan murhu, tun ruwan bai yi zafi sosai ba ake ganin 'yan ƙananan kumfa sun manne a gefenta. Wannan iska ce da ke cikin ruwan take ficewa. Amma idan tafasa ta kankama, ruwa ya ɗauki minti goma yana ɓararraka, manyan kumfan da ke tasowa daga gindin tukunya ba su ɗauke da komai sai tururi, wato ruwan ne da kansa ya sauya hali. A 1983 Roger Osborne da Mark Cosgrove suka wallafa amsoshin da 'yan makaranta a Niyu Zilan suka ba wannan tambaya. Wasu sun ce iska ce, wasu sun ce zafi ne, wasu kuma, har da waɗanda suka ɗan yi nisa a darasin kimiyya, sun ce oksijin ne da haidurojin, domin an koya musu cewa ruwa H2O ne, sai suka ɗauka wuta raba shi take yi gida biyu. George Bodner na Jami'ar Purdue a Amurka ya maimaita tambayar ga waɗanda suka gama digirin farko suka shigo karatun gaba a ilimin sinadarai, ya buga sakamakon a 1991: kusan ɗaya cikin huɗu bai amsa daidai ba. Waɗannan mutane ne da suka ci jarrabawa bayan jarrabawa, kuma ba su taɓa rasa ɗakin gwaje-gwaje ba.

Wanda ya fi kowa bayyana tushen matsalar shi ne Alex Johnstone na Jami'ar Glasgow a Sikotland. Tun 1982 ya nuna cewa masanin sinadarai yana tunani ne a mataki uku lokaci guda. Akwai abin da ido ke gani: an zuba gishiri a ruwa, an motsa, ya ɓace, ruwan ya yi ɗanɗano. Akwai abin da ido ba ya gani: ƙwayoyin sodiyam da na kulorin masu ɗauke da caji sun rabu, ƙwayoyin ruwa sun kewaye kowace. Sannan akwai alama, wato NaCl da sauran haruffa da lambobin da ake rubutawa a allo. Malamin da ya ƙware yana zirga-zirga tsakanin ukun a cikin jimla ɗaya bai ma sani ba, kamar yadda tsohon direba ba ya tuna lokacin da ya canja giya. Ɗalibi kuwa kusan kullum alamar kaɗai ake miƙa masa. Ra'ayina shi ne a nan ciwon yake a makarantunmu, kuma ko an gina wa kowace sakandare ɗakin gwaje-gwaje gobe, muddin darasi daga alama yake farawa a alama ya ƙare, yaran za su ci gaba da fita da harafi babu ma'ana.

Hujjojin suna da yawa. Susan Nurrenbern da Miles Pickering, a 1987, sun ba ɗaliban shekarar farko a jami'a tambayoyi iri biyu a kan abu guda. Iri na farko lissafi ne: ga yawan gas, ga zafinsa, a nemo matsinsa. Iri na biyu zane ne: ga tukunyar ƙarfe a rufe, an sanyaya ta, wane hoto ne ke nuna yadda ƙwayoyin gas ɗin suke a ciki? Ɗalibai da dama da suka warware lissafin suka faɗi a zanen, suka zaɓi hoton da ƙwayoyin suka dunƙule wuri ɗaya alhali gas ɗin bai daina zama gas ba. Shekara ɗaya kafin nan Ruth Ben-Zvi da abokan aikinta a Isra'ila sun tarar kusan rabin 'yan sakandaren da suka tambaya suna ba ƙwayar zarra guda ta jan ƙarfe halayen wayar da aka ciro ta, kamar launi da lanƙwasuwa. Yaron da ke tunani haka ba daƙiƙi ba ne. Hankalinsa ne ya yi aiki da abin da ya saba gani, tunda gutsuren tuwo tuwo ne, kuma babu wanda ya zauna ya nuna masa cewa a duniyar ƙwayoyi wannan ƙiyasi ba ya tafiya.

Johnstone ya ƙara da wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe bayanai tana sarrafa su a lokaci guda ƙarami ne. Shi da El-Banna sun nuna a 1986 cewa da zarar matakan tambaya sun wuce abin da wurin zai ɗauka, maki ba sauka yake a hankali ba, ruftawa yake yi. Daga baya, a 2001, shi da Selepeng suka auna cewa mai karatu a harshe na biyu yana asarar kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan wuri wajen fama da harshen kansa. A duba yarinya 'yar aji huɗu na sakandare a Gumel ko Funtuwa: tana fassara Turancin malam a ranta, tana kwafar allo, tana ƙoƙarin tuna nauyin ƙwayar zarra, sannan ana so ta hango abin da ba a gani. Duk da haka ba zan ce komawa Hausa kaɗai zai warkar ba, domin Hausar ma tana da nata tarko. Da kalma ɗaya, narkewa, muke faɗin abin da ke samun man shanu a rana da abin da ke samun sukari a shayi, alhali a kimiyya abubuwa biyu ne mabambanta. Iska kuma ita ce wadda muke shaƙa, ita ce mai kaɗa bishiya, ita ce ke cikin tukunyar gas. Amfanin Hausa a aji shi ne yaro ya faɗi abin da ke ransa a fili, malam ya ji inda ya karkace. Da Turancin hadda ba za a taɓa jin wannan ba.

Za a ce duk wannan zancen masu ƙoshi ne, mu da makarantu da yawa ba su da ko bututun gwaji, a fara kawo kayan aiki tukuna. Ƙorafin gaskiya ne, kuma ba na goyon bayan a yaye ɗalibin sinadarai bai taɓa ganin ruwa ya canja launi a hannunsa ba. Sai dai Avi Hofstein da Vincent Lunetta sun tattara binciken da aka yi a kan ɗakin gwaje-gwaje har sau biyu, a 1982 da 2004, ba su sami hujjar cewa shigarsa kaɗai na haifar da fahimta ba. Ian Abrahams da Robin Millar sun zauna a darussan gwaji 25 a makarantun Ingila, suka ba da rahoto a 2008 cewa yara suna aikata abin da aka umarce su daidai, amma da wuya darasin ya sa su tunani a kan dalilin abin da suka gani. Haka gwajin auna asid yake zama a wurinmu gab da jarrabawar WAEC da NECO: a ɗiga, a ɗiga, launi ya juya, a karanta lamba, a cusa ta a dabarar da aka haddace. Ga zoɓo kuwa a kowane gida. A raba jiƙonsa kofi biyu, a matsa lemun tsami a ɗaya ya ƙara ja, a zuba ruwan kanwa a ɗayan ya koma kore mai duhu. Idan malam ya sa kowane yaro ya rubuta hasashensa kafin a zuba, ya kalla, sannan ya yi bayanin saɓanin da ya gani, hanyar da Richard White da Richard Gunstone suka tsara a 1992 ke nan, kuma kuɗinta bai kai na alli ba. A marinar Ƙofar Mata a Kano zane yana fitowa daga ramin baba da launin kore-kore, sai ya sha iska ya zama shuɗi a gaban mai kallo. Oksijin ne ke wannan aiki, kuma babin da ke bayaninsa na cikin waɗanda ɗalibai suka fi tsoro a littafi.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: manhaja doguwa ce, aji ya cika maƙil, jarrabawa kuma lissafi da hadda take sakawa. Scott Freeman da abokansa sun haɗa bincike 225 a 2014, suka tarar faɗuwa a darussan kimiyya da lissafi tana kusan kashi 34 cikin ɗari inda lacca ce zalla, tana kusan kashi 22 inda ake sa ɗalibai tattaunawa da warware tambaya a cikin aji. Jami'o'i ne, akasari na Amurka, don haka ba za a ɗauko adadin a liƙa wa sakandaren Katsina ba. Amma hanyar ba ta buƙatar ƙaramin aji: Eric Mazur a Harvard a manyan ɗakunan lacca ya yi amfani da ita, inda zai jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa, ya juya ya shawo kan na kusa da shi, a sake zaɓe. Hadda ma tana da gurbinta, alamomin sinadarai dole a riƙe su da ka, kuma yaranmu da suka taso a makarantar allo sun fi kowa iya wannan. Inda na yarda da masu ƙorafin ɗari bisa ɗari shi ne malam ba zai koyar da abin da jarrabawa ba ta tambaya ba. Ranar da masu tsara tambayoyi suka fara cewa a zana ƙwayoyin da ke cikin kofin ruwan gishiri, a wannan zangon za a fara zana su a aji.

Saura aikin da ya rataya a wuyan tsangayoyin ilimi da kwalejojin horar da malamai. Kundayen bincike da yawa suna tsayawa ne a kwatanta maki: wannan aji an koyar da shi da sabuwar hanya, wancan da tsohuwa, ga bambanci. Osborne da Cosgrove da hira suka fara, yaro ɗaya bayan ɗaya, butar ruwa tana tafasa a gabansu. Irin wannan hira muke buƙata da Hausa, a rubuta amsoshin yadda suka fito, a koyar da su ga ɗaliban NCE kafin su fita koyarwar gwaji. A tambayi yaro ina kananzir ɗin fitila ya tafi da gari ya waye. A ba shi ƙusa sabuwa da wadda ta yi tsatsa ba a kankare ta ba, a tambaye shi ko nauyin mai tsatsar ya canja daga yadda take da farko. Mafi saurin zuwa baki shi ne tsatsa ta cinye ƙarfen, ya ragu. Sikeli zai nuna ya ƙaru, saboda oksijin da danshin da suka haɗu da shi, kuma malamin da ya san amsar da yaron zai bayar tun kafin ya buɗe baki zai shigo aji da sikelin a hannu.