Yerwa da Ruwanta: Yadda Maiduguri Ta Bunƙasa a Bakin Ngadda

Maiduguri, wadda mutanenta suka fi kira Yerwa, yarinya ce idan aka jera ta da Kano ko Katsina, domin sai a shekarar 1907 Shehun Borno Abubakar Garbai ya baro Kukawa, tsohuwar hedkwatar da Rabeh ya rushe a 1893, ya kafa fadarsa kusa da barikin Turawan Ingila na Mafoni da wani ƙauyen kasuwa da ake kira Maiduguri. Abin da ya haɗa wuraren nan uku shi ne Kogin Ngadda, wanda ke cika da damina ya gangara fadamar Jere inda ake noman shinkafa, sa'an nan ya ƙafe da rani har yara su buga ƙwallo a cikinsa.

Daga nan garin bai tsaya ba. Jirgin ƙasa ya iso a 1964 yana kwasar gyaɗa da fatu, aka mai da garin hedkwatar Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, aka buɗe jami'a a 1975, kuma da aka ƙirƙiro Jihar Borno a 1976 nan ne mazaunin gwamnatinta. Sunayen unguwanni kaɗai sun isa su nuna waɗanda suka zo: Shehuri ta kewaye fada, Hausari ta tara fatake da masu sana'a daga ƙasar Hausa, Fezzan kuwa ta ɗauki sunan yankin Libiya da 'yan kasuwarta suka fito. An kammala madatsar ruwa ta Alau a 1986 domin noman rani da shayar da birni, amma tun daga 2009, da tashin hankali ya koro mutanen ƙauyuka da ƙananan garuruwa, gidaje suka riƙa tsirowa a inda bututun famfo bai taɓa zuwa ba.

A irin waɗannan unguwanni, mutumin da rayuwa ta rataya a kansa shi ne ɗan garuwa, wanda a Maiduguri ake ce wa mai moya. Tun kafin a idar da sallar asuba yake jera jarkoki goma ko fiye a kura, wato amalanken ƙarfe mai ƙafa biyu, ya bi layi a bakin rijiyar burtsatse ta wani mai hali, ya biya, sa'an nan ya fara turawa cikin rairayin da ke riƙe taya, yana tsayawa ya numfasa a inuwar darbejiya. Wani dattijo mai wannan sana'a a wajen Gwange, wanda a da yake da gona da 'yan awaki a arewacin jihar, ya bayyana cewa ba nauyin kura ne ya fi damunsa ba. Abin da ke ci masa rai shi ne tsayawa a ƙofar gidan da ya san babu ko kwabo a ciki, uwar gida ta leƙo ta ce masa Baba a taimaka zuwa jibi, alhali shi ma da kuɗin hannu ya ɗebo. Yakan sauke jarka biyu ya wuce, domin a ganinsa wanda ya taɓa kwana a hanya da ƙishirwa ba ya hana ruwa, ko da yake bashin nan ba kasafai yake dawowa ba. Ranar da babu wuta kuma man janareta ya yi tsada, kuɗin jarka yakan tashi, kuma shi ake wa tsaki, ba mai rijiya ba.

A ranar 10 ga Satumba, 2024 madatsar Alau ta ɓalle, kamar yadda ruwanta ya taɓa yin ambaliya a 1994, ruwan ya mamaye Fori da Gwange, ya shiga babbar kasuwar Monday da asibitin koyarwa da fadar Shehu. Garin da ya saba sayen ruwa da jarka ya wayi gari ana yawo a titunansa da kwalekwale, ga ruwa har wuya amma babu na sha, saboda ya gauraya da na shadda da kwata. Dattijon ya rasa jarkokinsa duka a daren, kurar kaɗai ya tarar a maƙale jikin wata katanga, kuma da jarkokin aro ya koma bakin aiki bayan ruwan ya janye.