Tarin waƙoƙin Bob Marley da darasin da ke cikinsa

Ɗan Issa, a cikin jihar Maraɗi, gari ne na bakin iyaka, bisa hanyar da ta nufi Jibiya da Katsina. Kamar sauran garuruwan hanya, samarinsa sun san muryar Bob Marley, mawaƙin rege na ƙasar Jamaika, tun zamanin kaset.

Marley ya rasu ran 11 ga watan Mayu 1981 a Miami, yana da shekara 36. A 1992 kamfanonin Tuff Gong da Island suka fitar da Songs of Freedom, faifai 4 masu ɗauke da waƙa 78. Tarin ya soma da Judge Not, wadda ya yi a 1962 yana saurayi. A ciki akwai Iron Lion Zion, wadda ba ta taɓa fita ba sai a wannan shekara. Ya rufe da Redemption Song, kamar yadda ya rera ta a Pittsburgh ta Amurka ran 23 ga Satumba 1980, wasansa na ƙarshe gaban jama'a.

Ba a sami wannan dukiya ba sai don an adana zaren da aka ɗauki muryar. Waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na makaɗan Katsinar Maraɗi da Gobir, da yawa suna warwatse cikin tsofaffin kaset, zafi da ƙura na cin su. Wajibi ne hukuma da gidajen rediyo su tattara su tun zaren bai tsinke ba.