Kafin Ka Hau Dutse, Ɗaga Kai Ka Dubi Gabas

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba.

Yau a kan hawan dutse za mu yi magana. Na san wani zai ce, "Malam, mu da muke fama da abin da za mu ci, ina mu ina yawon hawan dutse kamar Turawa?" Gaskiyarka. Amma duk wanda ya san Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ya san ba don nishaɗi muke hawa ba. Makiyayi na hawa da awakinsa. Mata da yara na hawa neman itace. Akwai kuma ranakun da ba ma son tunawa, da mutanen ƙauye ke kwana a kan dutse don tsira da rai.

Bari in fara da abin da ya faru da ni. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da namu ukun nan. Lokacin na gama jami'a, ina jiran kiran bautar ƙasa. Sai aka ce akwai wani dutse a bayan gari, in ka hau can ƙololuwa kakan ɗan samu sabis. Bayan la'asar muka hau, mu biyar. Kowa ya ɗaga waya sama, ido a kan waya, babu wanda ya waiwaya gabas. Sai da wata iska mai sanyi ta buge mu muka juya. Wallahi gabas ta yi baƙi ƙirin. Kafin mu kai rabin gangara ruwa ya kece, aka yi wata tsawa da na ji ta har cikin haƙorana. Ɗayanmu ya zame ya gurɗe ƙafa, a kafaɗa muka kai shi gida. Allah ne kawai Ya kiyaye.

To, me ya kamata a ce mun sani a ranar?

Na farko, duwatsunmu ba su da tsayin da sanyi zai kashe mutum. A ƙa'ida, duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Wannan lissafin masu hawa Chappal Waddi ne a Taraba, wanda ya fi kowane tsauni tsayi a Najeriya, mita 2,419. Namu haɗarin daban ne: tsawa, santsi, ambaliya, da zafin rana.

Mu ɗauki tsawa. A ƙasar Hausa yawancin hadari daga gabas yake tasowa, kuma na farkon damina da na ƙarshenta sun fi zuwa da iska da tsawa. Iskar nan mai sanyi da ke zuwa kwatsam da ƙura, daga cikin hadarin take fitowa. In ka ji ta, ba gargaɗin farko ba ne, na ƙarshe ne. Tsawa kuma ta fi faɗa wa abin da ya fi tsayi a wuri. In kana tsaye a kan falalen dutse babu kowa sai kai, to kai ne abin nan.

Ga dabara mai sauƙi. Da ka ga walƙiya, fara ƙirga daƙiƙa har ka ji ƙarar. Sauti na cin kusan kilomita 1 a daƙiƙa 3. In ka ƙirga 30, tsakaninku kilomita 10 ke nan, kuma tsawa na iya kaiwa nan. In bai kai 30 ba, kada ka tsaya tura saƙon ƙarshe, sauka. Bayan ƙarar ƙarshe ma, ka jira minti 30 kafin ka koma.

In ta rutsa da ku fa? Ku bar ƙololuwa. Kada ku fake a gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. Kada ku tsaya a bakin ƙaramin kogo ko ƙarƙashin dutsen da ya yi rumfa, wutar na iya bi ta wurin. Kada ku cure wuri ɗaya, ku warwatsu, don in ta sami ɗaya a sami mai taimako. Kada ku kwanta a ƙasa, domin wutar na bin ƙasa. Shi ya sa kuke jin tsawa ɗaya ta kashe shanu da yawa a gindin bishiya. Mafaka ta gaskiya ita ce gini ko mota a rufe.

Abu biyu nake so mu gyara. Ana cewa waya ce ke jawo tsawa. A'a. Wayar hannu ba ta jawo ta, wurin da ka hau neman sabis ne matsalar. Sannan ana tsoron taɓa wanda tsawa ta faɗa wa. Jama'a, babu wutar da ta rage a jikinsa. Ku taɓa shi, ku duba numfashi, in ya tsaya ku daddanna ƙirji, ku garzaya asibiti. Kuma ba sai mutum ya yi rantsuwar ƙarya take faɗa masa ba. Mu daina ƙara wa iyalai baƙin ciki da wannan maganar.

Sai santsi da ambaliya. Dutse ba ya shan ruwa. Duk abin da ya zuba a kansa gangarowa yake yi lokaci guda, ya taru a kwarin da ke gindinsa. Rafin da ka tsallake a bushe da azahar, da magariba yana iya zama kogi. Ruwa mai gudu ko bai kai gwiwa ba yana kayar da ƙato. Ka haƙura ya janye. A kan dutsen kuma, ka kula da inda ya yi baƙi-baƙi ko gansakuka, nan ne hanyar ruwa, nan ake zamewa. Saukowa ta fi hawa haɗari, silifas kuma ba takalmin dutse ba ne.

Da bazara, Maris da Afrilu, zafi kan kai digiri 40, dutse kuma ya sha rana ya dawo maka da ita kamar tanda. Ka hau bayan asuba, ka sauko kafin hantsi ya yi ƙarfi, da ruwanka a hannu. In abokin tafiyarka ya fara jiri, ciwon kai, ko yana magana ba kan gado, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a nemi asibiti.

Da hunturu kuma hazo ne ke ɓatar da hanya, ga iska a sama ta fi ta cikin gari cizo. In tilas ta sa za a kwana a dutse da yara, Allah Ya kiyaye, bargo da abin shimfiɗa na cikin abin da za a fara ɗauka. A kuma yi hattara da wuta, ciyawa ta bushe.

Hukumar NiMet na fitar da hasashen yanayi, ana karantawa a rediyo, ana sawa a Facebook. Ku riƙa bi. Amma hasashe na yanki ne gaba ɗaya, ba zai ce maka ga hadari a kan dutsen ƙauyenku ba. Wannan aikin idonka ne. Ka tambayi tsohon makiyayi ma, ya daɗe yana karatun sama. Kuma kada ka hau sai wani a gida ya san inda ka nufa da lokacin dawowarka, ka kuma tabbatar wurin lafiya lau ne ta fuskar tsaro.

Mun yarda kowa da ranarsa. Amma rigakafi ya fi magani, kuma ɗaga kai ka dubi gabas ba ya cin ko sisi.

Ku tura wa ƙannenku da ke kiwo ko neman itace, wanda bai iya karatu ba a karanta masa. Ku kuma faɗa mana alamomin hadari da kuka koya wurin iyaye a garinku. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da yankinmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.