Silin ɗakin haya: a cire shi ko a shafa mishi fenti?

A Tanut da Balbeji ba kowace ƙungiya ke da ginin kanta ba. Ajin yaƙi da jahilci, ƙungiyar mata, ƴan ƙungiyar manoma, da yawa ɗaki suke haya. Kiristoci ma, da yake kaɗan ne a Damargu, inda ba su da ginin coci sukan kama ɗaki haya su riƙa addu'a ciki ran lahadi.

Irin waɗannan ɗakuna galibi rufin kwano gare su. Ƙarƙashin kwanon akwai wani rufi na biyu mara kauri, wanda ake ce ma silin. Masu jin faransanci su ce filafon. Bayan ƴan shekaru silin ya yi dauɗa, ya yi tabon ruwa, wani wuri ya lotsa. Sai gardama ta tashi cikin jama'a. Wasu su ce a ɓanɓare shi ɗakin ya ƙara tsawo, iska ta samu wurin yawo. Wasu su ce a shafa fenti kawai. Wa ke da gaskiya?

Aikin da silin yake yi

Mutanen da ba su san silin ba, don ba su da bukatarshi. Soron ƙasa mai azara yana tare zafi da kaurinshi. Ɗakin ciyawa ma haka. Kwano ba haka yake ba. Cikin watan Afirilu da Mayu zafin Damargu yakan wuce digiri 40 a inuwa. Kwanon da rana ta duka tun safe kuwa yakan wuce digiri 60. Zafin nan sauka yake kai tsaye bisa kan wanda ke zaune ƙasa, kamar mai zama kusa da tanda.

Silin shi ne garkuwa. Yana tare zafin, kuma iskar da ke tsakaninshi da kwano tana ƙara tarewa. Wanda ya cire shi don neman sanyi zai samu ɗaki mai tsawo, amma zafi ya ƙaru. In mutum 40 suka taru ciki da hantsi, tsofaffi da jarirai ne za su fara wahala.

Akwai kuma ƙara. Ruwan Damargu ba yawa gare shi ba, amma in ya sauko bisa kwano tsirara, ba mai jin muryar mai wa'azi ko ta malamin aji. Lokacin hunturu kuma ƙura tana shigowa ta bakin kwano, silin ne ke tare ta.

Don haka silin mai lafiya ba a cire shi.

A fara dubawa

A samu tsani da cocila. Mutum ɗaya ya leƙa sama. A danna kowane falle da sanda a hankali. Wanda ya yi tauri yana da lafiya. Wanda ya yi laushi, ko ya lotsa, ko gara ta cinye katakon da ke riƙe da shi, wannan fenti ba ya gyara shi. Wata rana kan jama'a zai faɗo. Shi kaɗai za a cire, kafinta ya sa sabo a gurbinshi. Ba sai an rushe sauran ba.

Tabon ruwa alama ce kwano yana yoyo. A toshe ramin ƙusa tukuna. Wanda ya shafa fenti bai toshe yoyo ba, damina ɗaya ta isa ta maido mishi tabonshi.

A kula da wayoyin lantarki da ke bi ta sama. A kashe wuta kafin a taɓa kome. In akwai kashin jemage ko na ɓera, a yayyafa ruwa kafin a share, a rufe hanci da baki, don ƙurarshi tana kawo ciwon huhu.

Silin da ba a fasawa

Wannan magana ita ce mafi nauyi. Silin iri-iri ne: akwai na katako falle-falle, akwai na roba, akwai na filasta. A tsofaffin gine-gine kuma akwai wani mai launin toka, mai tauri kamar siminti, in ya karye sai ya yi kamar katangar tukunya. Irin wannan sau da yawa yana da wani abu ciki da ake kira asbesto, da faransanci amiyant.

In yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinshi kaɗan ne. Amma in aka fasa shi, ko aka yanka da zarto, ko aka kankare, sai ya saki ƙura mai laushi wadda ido ba ya gani. Ƙurar tana maƙalewa cikin huhu, ba ta fita. Cutar ba ta bayyana nan da nan. Sai bayan shekara 20 ko 30, ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar asbesto yana kawo ciwon daji. Faransa ta hana aiki da shi tun 1997, ƙasashe fiye da 50 sun hana shi.

Saboda haka irin wannan silin fenti ya fi mishi, don fenti yana rufe fuskarshi. Kada a goge shi da takarda mai yashi. In ya riga ya karye dole a sauke shi, a jiƙa shi da ruwa, a sauke shi ɗungum, yara su yi nisa. Kada a ba yara gutsattsarinshi su yi wasa, kada a shimfiɗa ma kaji.

Lissafin fenti

Fentin ruwa fari shi ya fi dacewa. Ba shi da wari mai ƙarfi, yana bushewa da sauri, kuma fari yana ƙara hasken fitila ga masu karatun dare. Lita 1 tana shafe wajen mita murabba'i 10. Ɗaki mai tsawon mita 6, faɗi mita 4, silinshi mita murabba'i 24 ne. Shafa biyu ya zama 48. Ke nan lita 5 ko 6 ta isa. A kakkaɓe ƙura da yana da busasshen tsumma, a fitar da benci da tabarmi, a buɗe tagogi. A bari shafar fari ta bushe sosai kafin ta biyu.

Ɗakin na mai shi ne

Mai haya ba shi da ikon rushe abin da ya tarar. Ran da zai fita, mai ɗaki yana iya cewa a maida mishi silinshi, kuma kuɗin sabo ya ninka na fenti sau da yawa. Ko fentin ma a nemi izini. Shugabannin jama'a su je wurin mai ɗaki, a shirya wa zai biya, ko za a cire kuɗin cikin na haya. Kada a tsaya ga maganar baki, don mai ɗaki yana iya rasuwa, magada su ce ba su san zancen ba. A rubuta takarda biyu, a sa kwanan wata da yawan kuɗin, shaidu biyu su sa hannu, kowane ɓangare ya ajiye ɗaya. Ɗalibin da ya gama ajin yaƙi da jahilci yana iya rubuta ta da hausa.