Addu'ar Litinin Da Ta Riga Faɗuwar Katangar Balin

Bayan da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, duniya ta rabu gida biyu. Amurka ta ja ragamar ƙasashen jari-hujja, Tarayyar Sobiyet kuwa ta ja ta ƙasashen gurguzu. Fiye da shekara 40 suka yi suna tara makaman ƙare-dangi suna harar juna, abin da aka sani da Yaƙin Cacar Baka. Ƙasar Jamus ce wuƙar rabon ta fi yanka, gama a 1949 ta zama ƙasa biyu, a 1961 kuma gwamnatin Jamus ta Gabas ta gina katanga a tsakiyar birnin Balin domin ta hana mutanenta gudu zuwa yamma.

Masu bi sun sha wuya a wannan zamani. A 1967 gwamnatin gurguzu ta Albaniya ta rufe dukan majami'u da masallatai. Amma kada mu ɗauka ɗaya ɓangaren mulkin Allah ne. A El Salbado, inda Amurka ke goyon bayan gwamnati da sunan yaƙi da gurguzu, an harbe Akbishop Oscar Romero a 1980 yana cikin sujada, saboda ya tsaya wa talakawa.

A birnin Laifzig na Jamus ta Gabas akwai wata tsohuwar majami'a mai suna Nikolai. Tun daga 1982, Fasto Christian Führer da 'yan'uwa suka riƙa taruwa kowace Litinin da ƙarfe 5 na yamma domin addu'ar salama. Shekaru suka wuce, wani lokaci mutane ƙalilan ne ke zuwa, duk da haka ba a bar taron ya mutu ba. Ƙofa a buɗe take ga kowa, har da waɗanda ba su ba da gaskiya ba, kuma koyarwar Yesu a kan dutse ce abincinsu.

A 1989 taron ya cika ya tumbatsa. 'Yan sanda suka fara tare hanyoyi suna kama mutane. Ranar 9 ga Oktoba tsoro ya rufe gari, domin an girke dubban sojoji da 'yan sanda, ga shi kuwa wata huɗu kacal da kisan da aka yi wa masu zanga-zanga a birnin Beijing. Jam'iyya mai mulki ta aika ɗaruruwan mutanenta su cika kujerun majami'ar, sai ga shi sun zauna sun ji bishara. Da aka tashi, mutane wajen 70,000 suka zaga gari, da yawa riƙe da kyandir. Mai riƙe da kyandir hannu biyu yake bukata, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya kare wutar daga iska, ba shi da hannun ɗaukar dutse. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba.

Ranar 18 ga Oktoba aka sauke shugaba Erich Honecker. Ranar 9 ga Nuwamba aka buɗe katangar Balin. Jamus ta haɗe a 1990, Tarayyar Sobiyet kuma ta rushe a Disamba 1991.

Gaskiya ne tattalin arzikin gurguzu ya riga ya raunana, kuma Mikhail Gorbachev ya ƙi aika sojojinsa su murƙushe jama'a. Amma a ranar da mutane suka rasa inda za su buɗe baki, majami'ar da ta yi shekara 7 tana addu'a ce suka tarar a buɗe, a nan kuma suka koyi fita ba tare da ramuwa ba.

To, yaya taron addu'armu na tsakiyar mako yake? Idan mutum biyar ne suka zo, kada dattawa su ce a rufe ƙofa. Mu koya wa matasanmu su faɗi gaskiya a gaban masu iko, hannuwansu kuwa babu dutse. Ubangiji ya ba mu naciya. Amin.